Waya ta koyar, amma tukunya a hannun wa take?

 Ina miƙa gaisuwa ga direbobin manyan motoci da ke jiran layi a Tashar Sahel, da makiyaya da dillalai na kasuwar shanu ta Adetikope, da iyayenmu mata masu tsallaka iyakar Aflao da kaya a ka, da masu kama mu daga Sanve-Konji, har da masu bin mu ta waya can Sinkase. Wanda hanya ta hana shi sauraron shirin, ga shi mun sa a takarda. In ka iya karatu, don Allah ka karanta wa na kusa da kai.

Yau zancen mata za mu yi, amma kada ka naɗe takardar ka ce ba naka ba ne. Da kai nake, maigida, kai da ke fita tun asuba, ko ka yi sati uku a hanya, ka bar kuɗin cefane ko ka turo ta Flooz. Zancen shi ne darussan motsa jiki da na cin abinci mai kyau da suka cika wayoyin matanmu yanzu, a WhatsApp da TikTok da Facebook. Abin da nake so mu duba shi ne, macen da ke juya jaka ɗaya ko biyu a wuni ta ciyar da gida, me waɗannan darussa suke tsinana mata?

Bari in fara daga gida. Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, tana zaune a Kakaveli, nan arewacin Lome, ba nisa da Agoe-Zongo. Waina da koko take sayarwa a bakin titi. Tun kafin assalatu ta tashi, ta hura wuta, ta zauna kan 'yar kujerarta gaban tanda, ba za ta miƙe ba sai hantsi ya dubi ludayi. Bara ciwon kai ya matsa mata, ga jiri. Ta sha maganin ciwon kai har ta gaji. Da muka kai ta asibiti aka ɗaura mata abin awo a damtse, malamar asibitin ta sake awon, ta ce mu dawo bayan kwana biyu a kuma. Da muka dawo ta ce hawan jini ne, kuma sukarinta ma ya fara leƙowa. Aka rubuta magani, aka ce ta rage gishiri, ta rage mai, ta riƙa motsa jiki. A hanyarmu ta dawowa Inna ta dube ni ta ce, "Kai yaro, ni da nake aiki tun asuba, wane motsi kuma zan yi?"

To, wannan tambaya tata ita ce ta mata da yawa, kuma na san ita ce taka, kai makiyayi da ke bin shanu da ƙafa tun safe har magariba. Za ka ce ai aikin gida ya ishe su. Da can ya isa. Kakanninmu mata da suka zauna tsohon Zongo na tsakiyar gari, kafin a tashe shi a 1977 a maido mutane nan Agoe, su suke daka, su suke niƙa, su ɗebo ruwa a rijiya, su taka zuwa babbar kasuwa su dawo da kaya a ka. Yanzu fa? Inji ya karɓi turmi da dutsen niƙa, famfo ya karɓi guga, zemijan ya karɓi ƙafa. Ba na cewa a koma baya, wallahi ba mai son uwarsa ta koma daka. Amma aikin da ya rage wa mace irin Inna, yawancinsa na zama ne ko na tsayuwa wuri ɗaya, ga zafin wuta, ga hayaƙi. Yana gajiyar da ita ƙwarai, amma ba ya sa zuciya ta ƙara bugu, ba ya ƙona abin da ta ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan, in ka raba, rabin awa ne sau biyar a mako. Kuma ba dole sai a zama ɗaya ba, ko minti biyar-biyar aka tara yana shiga lissafi. Hukumar dai ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba su kai wannan awo ba, kuma mata sun fi maza gazawa. A nan Togo, binciken da ma'aikatar lafiya ta yi a 2010 ya samu hawan jini a kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya. Da aka sake shi a 2021, abin ya haura ɗaya cikin huɗu. Ka ƙirga matan da ke gidanku na haya, ka raba huɗu.

Mu koma wajen Inna. 'Yarta da ke sakandare ta ce ai wannan mai sauƙi ne, duk yana cikin waya. Ta sayi mega na sefa 500 ta buɗo bidiyo. Sai ga wata baturiya a ɗaki mai faɗi kamar filin ƙwallo, sanye da matsattsun kaya, tana tsalle tana ƙirge da Faransanci, kiɗa na tashi. Inna ta kalla kamar minti biyu ta ce, "A ina zan yi wannan? A ɗakin da in na miƙa hannu zan ture kwalla?" Bidiyo na biyu na abinci ne, salak da man zaitun, da naman kaza marar fata, da wani irin kifi da ko a manyan kantunan Lome sai mai albashi. Kafin su kai na uku mega ya ƙare.

Ni ban ga laifin baturiyar ba, don mutanenta ta yi. Amma ka duba abin da ya shiga tsakanin wannan darasi da matar Kakaveli. Bidiyo yana shan mega, kuma kuɗin mega daga kuɗin miya yake fita. A wasu gidajen ma babbar wayar ta maigida ce, in ya kama hanyar Wagadugu ta bi shi. Ga harshe: a unguwanninmu Hausa ake ji, da Kotokoli, da Fulatanci, da Zabarmanci, a kasuwa a yi ciniki da Mina, amma mace da yawa ba ta zauna aji ta koyi Faransancin da za ta bi mai horo da shi ba. Sai kuma wuri. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, maza na shiga suna fita. Mutanen gari kan fita gudu bakin teku ranakun Asabar da Lahadi da sassafe, abin sha'awa, amma daga Kakaveli zuwa bakin teku sai an hau abin hawa, kuma matar aure mai hijabi ba za ta shiga cikin maza tana gudu ba. Kai ma ba za ka yarda ba.

Duk da haka kada mu raina waya. Kun tuna 2020, lokacin korona, da gwamnatin Togo ta fito da shirin Novissi? Ba a nemi babbar waya ba. Da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli mutum zai danna *855#, ya yi rajista da katin zaɓe, kuɗi su shigo masa. Kuma mata aka fi ba, sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Ya isa ga talaka ne saboda an yi shi daidai da wayar da ke hannun talaka. A Senegal ma, tun 2014, ma'aikatar lafiyarsu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara aika gajerun saƙonni ga masu ciwon sukari a watan azumi, shirin da ake kira mRamadan, ana tuna musu su sha ruwa sosai kafin ɗaukar azumi, su yi hattara da kayan zaƙi wajen buɗa-baki. Saƙo ne ɗan gajere, a ƙaramar waya, a lokacin da ake bukatarsa.

Abin da ya yi wa Inna aiki daga cikin 'yan adashinsu ya fito. Akwai wata ungozoma a cikinsu da ke aikin asibiti. Ita ce ta fara turo saƙon murya a zaurensu na WhatsApp, da Hausa, minti ɗaya ko biyu, bayan isha'i. Saƙon murya ba ya cin mega sosai, ba ya bukatar karatu, kuma mai waya ɗaya takan kunna wa mata biyar a tsakar gida. Na saurari da yawa daga cikin saƙonnin, da izininsu, kuma abin da ya burge ni shi ne ba ta taɓa cewa a sayi wani abu ba. Ta ce ki zauna kan kujera ki miƙe sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ki huta, ki sake. Ki dafa bango da tafin hannu ki tura kanki baya. Ki cika gorunan ruwa biyu ki ɗaga su sama ki sauke. In za ki kasuwa, ki sauka daga zemijan tun kafin a iso, ki ƙarasa da ƙafa, canjin ma ya rage miki. Masu iya fita kuma su haɗu biyu ko uku bayan sallar asuba, da hijabansu, su zagaya unguwa da ɗan sauri kafin rana ta fito. Ta ba su ma'auni mai sauƙi: in kina tafiya kina iya hira amma ba ki iya rera waƙa, to kin kai yadda ake so.

Ta kuma ce su bar damuwa da sikeli, su ari tef ɗin awo wajen tela su auna ƙugu daidai cibiya. Likitoci suna ganin macen da ƙugunta ya wuce santimita 80 ta fara shiga haɗari, in ya haura 88 haɗarin ya yi yawa, don kitsen ciki shi ne abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini. Kuma ba sai an rame ƙarmas ba. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwa da ciwon sukari ya ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ga mace mai kilo 90, kilo shida ke nan da ɗan ɗoriya.

Wajen abinci ne na fi son ku tsaya ku saurara. Hukumar Lafiya ta ce gishirin da mutum zai ci a wuni kada ya kai gram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan fa har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen miya, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mace ta marmasa huɗu a tukunya, ta ƙara gishiri, ta jefa kifi mai gishiri, sannan ta sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya nuna da wuri. Ku makiyaya kun fi kowa sanin kanwa. To ita ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri mai tayar da jini. Ungozomar ta ce a rage dunƙule a hankali, daga huɗu zuwa uku, zuwa biyu, a cike gurbin da daddawa, da garin busassun ƙananan kifin nan da Mina ke kira doevi, da citta da tafarnuwa da albasa. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai an cika kanwa ba, gawayi ma ya ragu. Mai, ko na gyaɗa ko manja, a auna da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba.

Sai sukari. Abin da Hukumar ta ce kada a wuce a wuni, ga baligi, wajen gram 50 ne, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Lemon kwalba guda mai santilita 33 yakan ɗauki kusan gram 35. Madarar gwangwanin nan mai kauri da ake zubawa a shayi, kusan rabinta sukari ce, mu kuma mu ƙara ƙwaya uku a kai, mu haɗa da burodi. Zoɓo da dege da koko abinci ne masu kyau, mu ne muke cika musu sukari har su koma alewa. Ganye da 'ya'yan itace kuwa, ana so mutum ya samu gram 400 a wuni. Ka ji kamar abu mai wuya, amma ba salak ɗin baturiya kaɗai ake nufi ba. Ayoyo, wanda nan ake kira ademe, da gboma, da kuɓewa, da zogale, da yakuwa, da kabewa, duk suna ciki, kuma duk suna kasuwar Kakaveli. Wake da awara suna tsaya wa nama in aljihu bai kai ba. Abin da ake nema shi ne malmalar tuwo ko akume ta ɗan ragu, miyar ganye ta ƙaru.

Cikin 'yan makonni ra'ayin matan nan ya juya. Ka tare kowace daga cikinsu ka tambaye ta, za ta yi maka lacca kan gishiri kamar malamar asibiti. Amma da na leƙa tukwanensu, sai na ga kai ya karɓa, tukunya ba ta karɓa ba. Dalili? Mijin Inna ya dawo daga tafiya, aka ajiye masa tuwo, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon, ya ce, "Yau kuma gishiri ne ya yi tsada a Lome?" Kashegari dunƙule ya koma huɗu. Kuma kada ka ce ta dafa nata daban. Tukunya ɗaya ce ta mutum goma, da wane gawayin za a ɗora ta biyu? Bayan haka, kun san yadda ake rabo a gidajenmu. Tsokar nama da kifi na maigida ne, yara su samu abin da suka samu, ita uwar gida ta ci ƙarshe, ta cika ciki da tuwo da man da ya taru a gindin tukunya. Mai sayar da waina kuwa, abin da ya yi kwantai shi ne abincin ranarta, don ba za ta zubar da jarinta ba.

Akwai kuma abin da ya fi gishiri wuyar cirewa. Mu mun taso muna ganin ƙibar mace shaidar jin daɗi ce, alamar miji yana riƙe da ita. Da Inna ta ɗan faɗa, dangin mijinta suka fara tambaya ko lafiya, ko wani abu na damunta a gidan. Wata ma ta ja ta gefe ta ce ta je a gwada jininta. Wannan tunani shi ne ke kai 'yan mata da amare ga ƙwayoyin ƙiba, waɗanda a Najeriya ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu maganin buɗe ciki ne, wasu kuma irin su dekisametazon ne, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. In aka daɗe ana shansa fuska ta kumbura, jiki ya tara ruwa, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Kumburi ne ake kira ƙiba. In kin san kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi dare ɗaya, hakan ma haɗari ne, ki je asibiti a rage miki a hankali.

Kuma wayar nan da ke kawo muryar ungozoma, ita ce ke kawo mai tallar shayin rage tumbi cikin kwana bakwai. Yawancin irin wannan shayi gudawa yake sawa ko yawan fitsari, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan. Ni dai ga yadda nake gane su: duk wanda darasinsa ya ƙare da lambar da za a tura kuɗi, ɗan kasuwa ne, ku kuma 'yan kasuwa kun san yadda ake yabon haja. Wanda kuwa ya ce ki ajiye maganin asibiti ki koma nasa, ki toshe lambarsa.

Yanzu bari in juya ga rugage, don kada a ɗauki maganata a kai ta inda ba ta dace ba. Matar makiyayi da ke ɗauko ƙwaryar nono ko wagashi a ka, ta yi tafiyar awa biyu zuwa kasuwa ta dawo, ta ɗebo ruwa, ta yi itace, ita ba ta bukatar darasin motsa jiki, ta riga ta wuce awon Hukumar tun ranar Talata. Ita matsalarta ƙarancin abinci mai gina jiki ne da ƙarancin jini. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Togo a 2013 zuwa 2014 ya samu ƙarancin jini a kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa. Abin da kan ba ni takaici shi ne in ga an sayar da nono duka, an sayo burodi da sukari da taliya da kuɗin. Baffa, a bar mata ludayi biyu na nonon nan, a tafasa shi kafin a sha, musamman mai ciki da mai goyo. A bar mata ƙwai, da wake, da ganye, da ɗan nama in an yanka. Shayi kuma a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ake haɗa jini da shi, lemon zaƙi ko na tsami kuwa yana taimaka masa. In irin wannan mata ta ji saƙon da aka yi don Inna ta fara rage abinci, an cuce ta.

Gargaɗi ɗaya kafin in zo kanka, maigida. Mai ciki, da wadda jininta ya hau sosai, da mai ciwon zuciya, su tambayi asibiti kafin su fara. Wadda ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe ta, ta tsaya nan take a kai ta a duba. Kuma tafiya da rage gishiri ba sa maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Hawan jini yakan zauna shekaru ba tare da ya nuna kansa ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Awon da ake so a kiyaye shi ne kada ya kai 140 bisa 90, kuma aunawa ba ta ɗaukar minti biyar a asibitin unguwa ko kantin magani.

To me nake roƙo a wajenka? Ba ƙarin kuɗi ba ne, na san yadda hanya ta zama. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, masu zuwa Yamai daga tashar jiragen ruwan Lome sai sun bi ta Burkina, su yi kwanaki suna jiran rakiyar sojoji, tafiyar da a da ake yi cikin 'yan kwanaki ta koma ta makonni. Ka dawo a gajiye, kana son miyar da ka saba. Na gane. Amma harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni in an rage a hankali. In ba za ka iya jira ba, a ajiye maka gishirin a gefe ka barbaɗa a kwanonka, a bar tukunyar gida yadda take. In ta ce za ta fita zagaye da maƙwabtanta bayan asuba, kada ka ce yawo ne. In fitar ce ba ka so, to ka sama mata lokacin da tsakar gida za ta zama ta mata zalla, ku maza ku yi magana a tsakaninku, rabin awa ce kawai. Malamanmu sukan kawo labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka babu abin kunya in ka taka tare da matarka.

Sai tsaraba. Kai ne ke ratsa Notse inda abarba take jibge a bakin hanya, kai ne ke ɗauko tumatirin Burkina da albasar Galmi, amma ka shigo gida da katan ɗin lemon kwalba da madarar gwangwani don a san ka dawo da arziki. Ka sauya, ko sau ɗaya, ka ga ko yara za su ƙi. In 'yan'uwanka suka fara cewa matarka ta rame, kai ne za ka ba su amsa, ba ita ba. Kuma ranar da za ta koma awo, ka bi ta ka miƙa naka damtsen. Mutumin da ke wuni zaune bayan sitiyari, yana kora shayi mai sukari da lemon ƙara kuzari don kada barci ya ɗauke shi, yana cin abincin tasha mai gishiri da mai, bai fi ta tsira ba.

Za ku so ku ji inda aka kwana da Inna. Da damina ta sauka a watan Mayu, layukan unguwa suka cika da ruwa da taɓo, zagayen asuba ya tsaya, wasu daga cikin matan ba su sake komawa ba. Wata wayarta ta lalace, wata mijinta ya hana. Inna da maƙwabtanta biyu suka koma yi a tsakar gida, da kujera da gorunan ruwa, bayan maza sun fita. Awonta na ƙarshe ya sauka, amma tana nan kan magani, kuma malamar asibitin ta ce ta ci gaba da shi. Dunƙule ya tsaya a biyu. Mijinta yana da ɗan gwangwanin gishirinsa da ake ajiye masa kusa da kwano, kuma har yau bai yarda an auna shi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gayyato ma'aikaciyar lafiya nan ɗakin watsa shiri ta amsa tambayoyinku kan hawan jini da ciwon sukari. Ku turo saƙon murya ta lambar gidan rediyo, da Hausa ko Fulatanci ko Kotokoli, kada ya wuce minti ɗaya. Wadda ba ta son a faɗi sunanta ta ce mana, ba za mu faɗa ba. Masu hanya Allah ya kai ku lafiya, masu kiwo Allah ya tsare dukiya. Wassalamu alaikum.